Fatalwowi da Jita-jita a Bakin Ma'aikatan Disney: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wurin da dubban mutane suke aiki dare da rana, ba a raba shi da labarai. Wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney a Amurka sun fi ko'ina tara irin waɗannan labarai, wasu gaskiya, wasu ƙanzon kurege, wasu kuma gaskiya ce mai ɗaci da aka lulluɓe da tatsuniya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Waɗanne wurare ake nufi?

Biyu ne manya. Na farko Disneyland, a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, wanda Walt Disney ya buɗe da kansa ranar 17 ga Yuli, 1955. Na biyu Walt Disney World, kusa da Orlando a jihar Fulorida, wanda aka buɗe sashensa na farko, Magic Kingdom, ranar 1 ga Oktoba, 1971, bayan Walt ya rasu. Na Fulorida yana da ma'aikata sama da 70,000, kuma babu wani wurin aiki guda ɗaya a Amurka da ya kai shi yawan ma'aikata. Da yawansu matasa ne, wasu ma ɗaliban jami'a ne da ke zuwa aikin 'yan watanni a ƙarƙashin wani shiri da kamfanin ya fara a 1981. Wannan shiga da fita ta sababbin jini ita ce take raya labaran: kowane tsohon hannu yana da sabon kunne da zai zuba wa.

Me ya sa ake cewa ma'aikatan suna da duniyarsu daban?

Saboda kamfanin ya tsara aikin kamar wasan kwaikwayo ne. Tun ranar farko ake koya wa sabon ma'aikaci cewa shi ɗan wasa ne, ko da shara yake yi ko sayar da gugguru. Duk inda baƙo zai iya ganinsa dandamali ne, inda baƙo ba ya shiga kuma bayan fage. A kan dandamali ba a cin abinci, ba a latsa waya, ba a ɗaure fuska. Idan an tambaye shi hanya, da yatsu biyu ko da tafin hannu zai nuna, domin nuni da yatsa ɗaya rashin ladabi ne a wasu ƙasashe. Ma'aikata kuwa suna da nasu bayanin: wai Walt ne ya saba nuni da sigari tsakanin yatsunsa biyu.

Har kamannin jiki akwai doka. Sai a shekarar 2000 aka yarda maza su bar gashin baki, gemu kuma sai 2012, zanen jiki da ake iya gani sai 2021.

Akwai kuma kalmomin sirri na oba-oba, don kada baƙo ya ji abin da zai ɓata masa rai. Yaro ya yi amai, sai a kira mai shara da lambar V. Fitsari ne, lambar U. Mutumin da yake yini yana murmushi yana ɓoye duk wani abu marar daɗi, idan ya koma ɗakin hutu ya zauna da 'yan uwansa, abin da aka hana shi faɗa a waje shi zai fi daɗin hira. A ganina nan ne tushen yawancin labaran fatalwar.

Wane ne George da ake gaisarwa kullum?

Shi ne fatalwar da ta fi suna a Fulorida. Akwai wani wasan kwale-kwale mai suna Pirates of the Caribbean, inda ake ratsa duhu ana kallon mutum-mutumin 'yan fashin teku. An buɗe shi a Magic Kingdom a watan Disamba na 1973. Labarin da ma'aikata ke bayarwa shi ne, wani mai walda da ake kira George ya mutu lokacin da ake ginin, wasu su ce faɗowa ya yi daga sama, wasu su ce ƙarfe ne ya faɗo masa. Tun daga nan wai bai bar wurin ba.

Abin da ya fi labarin ban sha'awa shi ne al'adar da ta biyo baya. Da safe, kafin a saki kwale-kwale na farko, ma'aikacin da ke ɗakin sarrafa na'urori zai ɗauki makirufo ya ce wa George barka da asuba, muryarsa tana amsa kuwwa cikin ginin da babu kowa. Da dare kuma a yi masa sai da safe. Idan aka manta, in ji su, ranar sai injin ya yi ta tsayawa.

Ba a taɓa fito da wata takarda da ta nuna wani mai walda ya mutu a ginin ba. Injin da ke aiki awa goma sha biyu ko fiye a cikin ruwa kuwa, tsayawa ba baƙon abu ba ne gare shi, an gaida George ko ba a gaishe shi ba. Sai dai ranar da aka manta gaisuwar kuma injin ya tsaya, ita ce ranar da kowa zai riƙe a ka.

Fitilar da ba ta mutuwa fa?

Fitilar gaskiya ce. A babban titin shiga Disneyland akwai ofishin 'yan kwana-kwana, a saman benensa kuma akwai ɗan ƙaramin ɗaki da Walt yake kwana da iyalinsa. Bayan rasuwarsa aka bar wata fitila a tagar tana ci don tunawa da shi, kuma duk mai wucewa zai iya ɗaga kai ya gan ta. Tatsuniyar ita ce, wai wata mai shara ta kashe fitilar ta sauko, da ta waiwaya sai ta ga ta kama, ta koma ta kashe, ta sake kamawa, har aka haƙura aka bar ta. Wannan ɓangaren baki ne kawai ya ɗauko shi.

Da gaske ne an daskarar da gawar Walt Disney a ƙarƙashin wurin?

Ƙarya ce. Walt ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1966, yana da shekara 65, sakamakon kansar huhu, a wani asibiti da ke tsallaken titi daga situdiyonsa a Burbank. Bayan kwana biyu aka ƙona gawarsa, tokar tana maƙabartar Forest Lawn a Glendale. 'Yarsa Diane ta fito fili ta ƙaryata maganar.

Amma ruwa ba ya tsami banza. An yi jana'izar cikin sirri, daga iyali sai iyali. Cikin wata guda da rasuwarsa, a Janairun 1967, aka daskarar da gawar mutum na farko da fatan farfaɗo da shi nan gaba, wani malamin jami'a mai suna James Bedford, shi ma a Kalifoniya. A watan Maris na shekarar aka buɗe wasan 'yan fashin teku na Disneyland, wanda wani ɓangarensa a ƙarƙashin ƙasa yake. Sai mutane suka ƙulla zaren uku wuri ɗaya.

Ana cewa mutane suna zuba tokar mamatansu a wurin. Haka ne?

Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi taɓa ni a cikin duka labaran. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a Amurka yanzu ƙona gawarsu ake yi, a miƙa wa iyali tokar. Wasu sukan ajiye a gida, wasu su watsa a teku, wasu kuma su kai inda mamacin ya fi so a rayuwarsa. Ga iyalai da yawa, wurin nan Disney ne.

A 2018 jaridar Wall Street Journal ta tattauna da masu sharar wuraren, suka ce kusan sau ɗaya a wata ake samun haka. Ana shigo da tokar a kwalbar magani, ko gwangwanin hoda, ko 'yar leda a ƙasan jaka. Ana zubawa a cikin furanni, a cikin ruwan kwale-kwale, amma an fi zubawa a Haunted Mansion, gidan fatalwowi na wasa da aka buɗe a Disneyland ranar 9 ga Agusta, 1969. Labarin gidan shi ne yana da fatalwowi 999 kuma akwai gurbin na dubu. Wasu iyalai sun ɗauki wannan gayyatar da gaske.

Abin da ke biyo baya shi ne mai ban tausayi. Akwai kyamarori masu gani cikin duhu, don haka galibi ana ganin mai zubawar. Sai a tsayar da wasan, a gaya wa sauran baƙi cewa inji ne ya samu matsala, a fitar da kowa. A oba-oba a kira sharar HEPA, wato a kawo na'urar zuƙe ƙura mai tace mafi laushin gari. Mai shara zai shiga da tocila, ya bi layin da motocin wasan ke bi, ya zuƙe abin da ya rage na uwar wani ko ɗan wani. Mai zubawar kuwa ana iya fitar da shi daga wurin, domin kamfanin ya hana, kuma a Kalifoniya laifi ne watsa toka a filin wani ba da izininsa ba.

Daga nan ne labarin yaro mai kuka ya fito: wai wata uwa ta zuba tokar ɗanta a gidan, tun daga lokacin ma'aikata ke ganin yaro zaune kusa da ƙofar fita yana kuka. Ban yarda akwai yaron ba. Amma na fahimci yadda wanda ya share tokar mutum da hannunsa da tsakar dare zai koma gida da wani abu a zuciyarsa da yake neman hanyar fita.

Gidan fatalwowin nan ya taɓa kashe wani da tsoro?

A'a. An gama jikin ginin tun 1963, amma ya zauna a rufe shekara shida, saboda masu ƙirar sun karkata ga baje kolin duniya na New York na 1964, sannan Walt ya rasu ana tsaka da muhawara kan ko gidan ya zama mai ban tsoro ko mai ban dariya. Gini a tsaye, ƙofa a kulle, sai aka fara cewa wani ne ya shiga gwaji zuciyarsa ta buga. Fatalwowin da ake gani suna rawa a babban zauren kuwa dabarar gilashi da haske ce, wadda John Henry Pepper ya yayata a Landan tun 1862. Ma'aikatan wannan gida su ne aka yarda su ɗaure fuska, shi ya sa da yawa ke neman a tura su can.

Akwai ƙasusuwan mutane na gaske a cikin wasannin?

Waɗanda suka rubuta tarihin Disneyland sun ce a 1967 ƙwarangwal ɗin roba na wasan 'yan fashin teku bai gamsar da masu ƙira ba, sai suka samo na gaske daga sashen likitanci na jami'ar UCLA, daga baya aka musanya su. Ma'aikata da yawa har yau sun dage cewa ƙoƙon kan da ke saman gadon kyaftin na mutum ne.

An ce ba a yarda kowa ya mutu a cikin Disney ba, sai an fitar da shi waje. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma ina ganin wannan jita-jitar tana danne haƙƙin waɗanda suka rasu ɗin. Abin da ya sa ta yi ƙarfi shi ne, masu motar asibiti sukan ci gaba da ƙoƙarin ceton rai har asibiti, likita ne a can yake tabbatar da rasuwa. Ƙari a kan haka, daga 1967 zuwa 2023 filin Disney na Fulorida yana ƙarƙashin wata hukuma ta musamman, Reedy Creek, wadda kamfanin ke juyawa, mai 'yan kwana-kwana da motocin asibiti nata. Duk da haka akwai waɗanda aka tabbatar da rasuwarsu nan take a wurin.

A 1964 wani yaro ɗan shekara 15 ya faɗo daga jirgin gudu na Matterhorn, wani dutsen wasa da aka gina a Disneyland, ya rasu. A Janairun 1984 wata mata ta faɗo daga wannan jirgi, na bayansa ya buge ta, kuma ma'aikata suka riƙa kiran wannan gangaren da sunanta, suna cewa ba sa son bin sa su kaɗai idan an zo duba layin dogo da dare. A jajibirin Kirsimeti na 1998 wani ƙarfen ɗaure igiya ya ɓalle daga jirgin ruwa na Columbia ya kashe wani baƙo. An soki yadda aka wanke wurin kafin 'yan sanda su duba, kuma a 1999 Kalifoniya ta kafa dokar da ta ba hukuma ikon binciken irin waɗannan wasanni. A Satumban 2003 jirgin Big Thunder Mountain ya yi haɗari, saurayi ɗan shekara 22 ya rasu, binciken jiha kuma ya ɗora laifin a kan sakacin gyara.

Ma'aikata ma sun rasa nasu. Ranar 8 ga Yuli, 1974, kwana tara da buɗe wani zauren kallo mai juyawa da ake kira America Sings a Disneyland, wata yarinya 'yar shekara 18 da ta gama sakandare ta kama aikin hutu ta maƙale tsakanin bango mai juyawa da bango mai tsaye, ta rasu. Bayan haka ne aka sa fitilun gargaɗi, aka kuma canja bangayen zuwa masu ɓallewa idan an danne su. Shekaru bayan nan ma'aikatan ginin suna cewa sukan ji wata murya tana ce musu su yi hankali. Ka lura da abin da muryar take faɗa. Ba barazana take yi ba, gargaɗin da ba a yi wa yarinyar ba ne take yi wa na baya. Haka kuma a 2004 motar fareti ta take wani ma'aikaci da ke sanye da rigar Pluto, karen Mickey Mouse, a Magic Kingdom, a Yulin 2009 kuma jiragen ƙasa biyu masu tafiya a kan dogo ɗaya da aka ɗaga sama suka yi karo a Fulorida, direba ɗan shekara 21 ya rasu.

Ba za ka ga allon tunawa da ko ɗaya daga cikinsu a inda baƙi ke wucewa ba. A bakin 'yan uwansu ma'aikata ne labarinsu ya saura.

Akwai birni a ƙarƙashin ƙasa?

Akwai hanyoyi a ƙarƙashin Magic Kingdom, masu faɗin kimanin eka 9, amma ba haƙa su aka yi ba. Ƙasar Fulorida fadama ce, kana tona kaɗan sai ruwa. Don haka aka gina hanyoyin a doron ƙasa, aka rufe su da ƙasar da aka kwaso wajen haƙa tafkin da ke gaban wurin, sannan aka gina filin wasan a kai. Baƙo yana tafe a bene na biyu bai sani ba. A ciki akwai ɗakin cin abinci, da wurin aski, da ɗakunan hutu, da manyan bututu da ke zuƙe shara da iska. An shafa wa bangaye launuka daban-daban don kada sabon ma'aikaci ya ɓata. Ba wani sirri ba ne sosai: akwai rangadi na kuɗi da ake shiga da baƙi masu shekara 16 zuwa sama.

Sauran ƙananan jita-jita fa?

Ragar ƙwallon kwando a cikin dutsen Matterhorn gaskiya ce, ma'aikata ke wasa da ita lokacin hutu. Kyanwoyin da ke yawo da dare a Disneyland su ma gaskiya ne, ana ciyar da su, ana yi musu aikin hana haihuwa, su kuma suna maganin ɓeraye. Club 33, kulob na masu hannu da shuni da aka buɗe a 1967, yana nan. Maganar cewa ana kwance babbar fadar Magic Kingdom idan guguwa ta taso kuwa shaci-faɗi ne. Da ƙarfe da kankare aka gina ta, tsawonta ƙafa 189, an tsayar da ita ƙasa da ƙafa 200 ne don kada doka ta tilasta a sa mata jar fitilar gargaɗin jiragen sama.

Su wa ke cikin rigar Mickey Mouse, kuma me ya sa ba sa faɗa?

An hana su. Wanda ke sa rigar ba zai ce shi ne Mickey ba, sai dai ya ce shi abokin Mickey ne. Da tsawo ake rarraba rigunan, shi ya sa galibi gajerun mata ne ke cikin ta Mickey. Ana koya musu sa hannu iri ɗaya, don yaron da ya karɓa bana ya ga daidai da na bara. Kan rigar yana da nauyi, ana gani ta 'yar raga, ga zafin Fulorida, don haka ba sa daɗewa a waje kafin a shigar da su su huta.

Akwai abin da ya fi kowace tatsuniya nuna halin da suke ciki. Har zuwa 2001, a Fulorida, kamfanin ne ke ba su kayan ciki na musamman da ake sawa a ƙarƙashin rigar, a mayar da yamma, a wanke, gobe a ba wani. Ma'aikata suka koka cewa suna samun kayan da datti, wasu suka kamu da ƙwarƙwata da ƙazwa. Sai da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ta zauna teburin sulhu kafin aka yarda kowa ya riƙe nasa ya wanke a gida. Takwarorinsu na Disneyland kuwa sai a watan Mayun 2024 suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiya.

Su ma'aikatan sun yarda da fatalwowin nan kuwa?

Wasu sun yarda har zuciya, wasu al'ada ce kawai suke bi. A tunanin Amurkawa da yawa, ruhun wanda ya yi mutuwar fuju'a yakan maƙale a inda ya mutu. Musulmi bai yarda da wannan ba, domin wanda ya rasu yana barzahu, ba ya dawowa. Amma ba sai ka yarda da fatalwa ba kafin ka gane halin wanda ake bari shi kaɗai ƙarfe biyun dare ya zagaya gini marar taga, an kashe kiɗa, ga ɗaruruwan mutum-mutumi masu ido a tsaye, ruwa na ɗiga, bututun iska na huci. Ko jarumi ne sai tsigar jikinsa ta tashi.

Aikin yana biya kuwa?

Wannan ce tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta fi damun masu aikin. A 1984 ma'aikatan Disneyland sun yi yajin aiki na kwana 22. A 2018 wani bincike da kwalejin Occidental da cibiyar Economic Roundtable suka yi bisa buƙatar ƙungiyoyin ƙwadago, wanda ma'aikatan Disneyland kimanin 5,000 suka amsa, ya nuna kashi 73 cikin ɗari sun ce albashinsu ba ya isar su buƙatun wata, kashi 11 kuma sun ce sun taɓa rasa matsuguni cikin shekara biyu da suka wuce. Kamfanin ya ƙi amincewa da binciken, amma a shekarar aka cimma yarjejeniyar ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa ga dubban ma'aikata. Lokacin korona Disneyland ta zauna a rufe daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Afrilu 2021, kuma a Satumban 2020 kamfanin ya sanar da sallamar mutum 28,000. A Yulin 2024 ƙungiyoyin da ke wakiltar ma'aikatan Disneyland kimanin 14,000 suka amince da shiga yajin aiki, kafin a daidaita a kan dala 24 a awa.

Idan na je, zan iya tambayar ma'aikaci waɗannan labarai?

Na George da na fitila, tambaya ba laifi, musamman idan layi ba cunkoso. Wasu za su ba ka labarin da daɗin baki, wasu su yi murmushi su kauce, domin suna kan dandamali kuma ana iya jin su. Haɗurran da aka yi asarar rai kuwa, gara ka bar su, ba a yarda ma'aikaci ya tattauna su da baƙo ba, kuma tambayar tana iya jefa shi cikin matsala da shugabansa. Kada ka tambayi mai rigar Mickey ko wane ne a ciki, ba zai amsa ba. Idan wani ya kyautata maka, duba sunan da ke maƙale a ƙirjinsa, ka je ofishin kula da baƙi ko ka shiga manhajar wurin ka rubuta yabo, ana isar da shi ga shugabansa.